Gawar Wa Suka Gani a Alƙahira? Nazarin Yini Guda na Ɗaliban Wata Makaranta a Karkarar Jigawa

Makarantar da wannan nazari ya shafa sakandaren Larabci ce ta al'umma, a wani ƙauye da ke tsakanin Dutse da Birnin Kudu. Ba zan kama sunanta ko sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda ke cikin maganar yara ne, kuma har yanzu ƙura ba ta gama lafawa a garin ba. Ni ɗan kwamitin iyaye da malamai ne, kwamitin ne kuma ya ɗora mini rubuta abin da ya faru. Na zauna da malaman da suka yi rakiya, na ji ta bakin ɗaliban, na kuma karanta littattafan da suka yi rubutu a ciki a ranar.

Asalin tafiyar daga wani ɗan garin ne, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, wanda Allah ya buɗa wa. Ya ɗauki nauyin ɗaliban ajin ƙarshe da suka fi hazaƙa, maza da mata, ba su kai ashirin ba, su je Alƙahira su yi gajeren kwas na Larabci a lokacin dogon hutu. Fasfo, biza, kuɗin jirgi daga filin Malam Aminu Kano, masauki da abinci, duk shi ya biya. Malamai biyu suka raka su, malamin tarihi da malamar fiƙihu. A cikin makonnin an ware yini guda don ziyarar gidajen tarihi. Kwas ɗin ya tafi lami lafiya, yau ba mai zancensa. Yini gudan nan ne ya raba kan mutanen gari.

Saƙon da aka ba su tun daga gida

Duk gidan da yaran suka shiga sallama, saƙo ɗaya ne: ku gano mana Fir'auna. Tsofaffi mata sun faɗa, samarin majalisa sun faɗa, shi kansa Alhajin da ya biya kuɗin ya faɗa a wajen walimar ban kwana. Dalili kuwa a fili yake. An daɗe wani bidiyo yana yawo a WhatsApp da Facebook, ana nuna busasshiyar fuskar wani tsoho, murya tana bayani da Hausa cewa ga gawar Fir'aunan Annabi Musa (AS), a Bahar Maliya aka tsamo ta, ba a shafa mata maganin komai ba amma ta ƙi ruɓewa. Da wannan labari a ka yaran suka hau jirgi, kuma da niyyar ɗauko hoto su kawo wa iyayensu.

Kamfanin da ya shirya ziyarar ya tsara musu wurare huɗu a yini ɗaya: tsohon gidan tarihin da ke dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, sai sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, sai gidan kayan tarihin Musulunci, a ƙare a kasuwar Khan al-Khalili. Malamin tarihi ya ƙi. Ya ce yaran da ba su taɓa shiga ko Gidan Makama na Kano ba, in aka zagaya da su gidaje uku cikin zafin Alƙahira da cunkoson motocinta, abin da za su dawo da shi ciwon ƙafa ne kawai. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan gidan Fusɗaɗ shi kaɗai, a haɗa da masallacin Amru bin Asi da ke kusa. A ganina wannan shawarar ce ta ba duk abin da ya biyo baya damar faruwa, don da an bi tsarin farko ba yaron da zai samu sukunin tsayawa ya yi tambaya.

Daren da za a tafi, Malam ya sa kowa ya ja layi biyu a shafin littafinsa, shafin ya kasu uku. Sashe na farko: abin da na gani da idona. Na biyu: abin da na karanta a allon bayani. Na uku: abin da wani ya faɗa mini. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada abin da ke wani sashe ya tsallaka wani.

A babban zaure

Sun isa da hantsi. Babban zauren na sama an jera kaya ne bi da bi, tun daga mutanen da suka yi zamani kafin a san rubutu, zuwa Fir'aunoni, zuwa Girkawa da Rumawa, zuwa Kibɗawa, zuwa zamanin Musulunci. Malam bai bari an bi jagora a guje ba. Ya ce kowa ya zaɓi abu ɗaya ya tsaya a kansa.

Littattafan yaran sun nuna abin da ya ja hankalinsu, kuma ba zinare ba ne. Wani yaro, ɗan gidan masassaƙa, ya cika shafi guda a kan wani babban yatsan ƙafa na katako da aka yi wa wata mata da ta rasa nata kusan shekara 3,000 da suka wuce; ya zana shi, ya nuna inda aka huda aka ɗaure. Wata yarinya ta tsaya a kan ƙwarangwal ɗin wani saurayi da aka tono a Nazlat Khatir, wanda allon ya ce ya kai shekara 35,000. A sashe na biyu ta rubuta adadin, ta ƙara tambaya a gefe: ta yaya suka ƙirga? Da yawa sun taru a gaban wani yanki na rigar Ka'aba, suna ƙoƙarin karanta ayoyin da aka yi wa ɗinki da zaren zinare. A nan suka fara jin cewa ƙarnuka da dama a Alƙahira ake saƙa rigar, a kai ta Makka tare da ayarin alhazai. Jagoran Bamisire ne mai fara'a, sai dai Larabcinsa na kasuwa ne, harafin jimun ma "ga" yake furta shi, don haka yaran da suka yi shekaru suna haddar nahawu sai da Malama ta riƙa maimaita musu da fusha, wato daidaitaccen Larabci.

A bakin matakala

Gawarwakin sarakuna a ƙarƙashin ƙasa suke. A ranar 3 ga Afrilu 2021 aka kwaso su daga Tahrir zuwa nan cikin gagarumin biki, gawa 22: sarakuna maza 18 da mata 4. Ana gab da sauka sai wata ɗaliba ta ja ta tsaya. Ta ce, "Malama, ni ba zan shiga ba. Waɗannan mutane ne, kuma an tone su."

Wasu samarin suka fara yi mata dariya, wai tsoro take ji. Malama ta tsawatar musu nan take. Ta tambaye ta hujjarta, yarinyar ta kawo hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, ta kuma kawo abin da Annabi (SAW) ya umarci sahabbai da suka biyo ta Hijir, garin Samudawa, cewa kada su shiga gidajen waɗanda aka halaka sai suna masu kuka. Wani ɗalibi ya amsa mata da ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Malama ba ta yanke wa kowa hukunci ba. Ta ce, "'Yata, kin kawo hujja, kuma ba wanda zai tilasta ki. Zo mu zauna a sama." Ga masu shiga kuma ta ce su shiga da natsuwar mai ziyarar maƙabarta, ba wasa, ba nuni da yatsa.

Na jinjina wa Malama a nan, domin damuwar yarinyar ba ƙauyanci ba ce. Su kansu Misirawa sun yi wannan muhawara. Shugaba Anwar Sadat ya taɓa sa an rufe ɗakin gawarwakin a tsohon gidan tarihi saboda mutuncin mamata, sai a 1994 aka sake buɗe shi. Sabon wurin ma an yi shi da duhu-duhu, an lulluɓe kowace gawa da ƙyalle in ban da kai da hannuwa da ƙafafu, an kuma hana ɗaukar hoto. Wannan hanin ne ya fara sanyaya jikin yaran, don alkawarin da suka ɗauko daga gida kenan.

Abin da jagora ya faɗa da abin da allo ya faɗa

A ƙasa hanya ɗaya ce, ana bi ana wuce akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya. Yaran sun rubuta Sekenenre, wanda raunukan makami ke bayyane a kansa. Sun rubuta Hatshefsut, macen da ta yi mulki da kanta. Da aka zo kan Ramsis na Biyu, suka gane fuskar nan take, ita ce ta cikin bidiyon. Jagoran ya sunkuyo ya raɗa musu cewa wannan shi ne Fir'aunan Musa. Ya ga baƙi Musulmi daga Najeriya, ya san abin da suke son ji.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya buɗe littafinsa zai rubuta, sai ya tsaya, don bai san sashen da zai sa maganar ba. Ya duba allon bayani. Allon ya ba da sunan sarkin, da gidan sarautarsa, da tsawon mulkinsa, da ayyukansa. Babu teku a ciki, babu Annabi Musa. Ya sa maganar a sashe na uku. Da suka fito ya tari Malam da tambaya a gaban kowa: "Malam, shi ne ko ba shi ba ne?"

Malam ya faɗa mini cewa ya san amsar da za ta faranta wa yaran rai, ta faranta wa Alhaji, ta kuma sauƙaƙa masa komawa gida. Maimakon haka ya zaunar da su a inuwa, a gefen tafkin Ainus Sira, ya ba su abin da aka sani. Ga shi a taƙaice, kamar yadda na same shi a littattafansu.

Ba a teku aka samu gawar Ramsis ba. A cikin wani rami aka same ta a dutsen Dairul Bahri, daura da birnin Luksor, can kudancin Masar, a 1881, tare da gawarwakin wasu sarakuna da dama. Limaman wancan zamani ne suka kwashe su daga kaburburansu na asali saboda ɓarayi, suka sake naɗe su, suka rubuta sunayensu a jikin akwatuna da ƙyallaye, suka ɓoye su wuri guda. Ta wannan rubutun aka san wane ne wane. Wasu mutanen ƙauyen da ke kusa su suka fara gano ramin, suka yi shekaru suna fitar da kaya suna sayarwa kafin hukuma ta farga.

Batun cewa ba a shafa wa gawar komai ba kuwa, akasin haka ne. Aikin kwana 70 ne ake yi wa gawar sarki. A zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, a tsaga gefen hagu a fitar da kayan ciki a bar zuciya, a binne jikin cikin kanwa har kusan kwana 40 ta tsotse ruwansa, sannan a shafe shi da ƙaro da mai a naɗe da lilin. Yaran sun yi mamakin jin kanwa, irin wadda iyayensu ke jefawa a miyar kuka da kunun kanwa. Su Misirawa daga Wadin Naɗrun suke haƙo tasu. A hancin Ramsis an samu ƙwayoyin masoro, gashinsa kuma an rina shi da lalle. Ruɓewa ma ta so kama shi: a 1976 sai da aka ɗauke shi a jirgi zuwa birnin Faris na Faransa don a kashe funfunar da ta fara cin jikinsa. Ya yi mulki shekara 66, daga wajen 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya mutu yana tsoho tukuf mai kimanin shekara 90, da ciwon gaɓoɓi da ruɓaɓɓun haƙora.

Wasu masu bincike sun fi karkata ga ɗansa Mernefta, wanda shi ma yana cikin ɗakin. An samu gawarsa a 1898 a kabarin wani sarkin daban, a Kwarin Sarakuna. Da aka kwance ta an ga gishiri ya yi fari-fari a fatarsa, wasu suka ce ai ga shaidar teku, amma masana aikin suka ce saurar kanwar ce. A zamaninsa ne aka sassaƙa wani dutse mai ɗauke da sunan Isra'ila, wanda aka tono a 1896. Akwai kuma masu cewa tun kafin su biyun abin ya faru. Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan ba, ba kuma wani rubutu na Misirawa da ya ce ga sarkin da ya nutse. Saboda haka, in ji Malam, abin da za su iya rantsewa a kai shi ne sun ga gawar sarakunan da ake kira Fir'auna, har da biyun da aka fi zato. Wanda ya ce ga shi takamaimai, ya faɗi abin da bai sani ba.

Daga nan suka wuce masallacin Amru, wanda aka kafa bayan Musulmi sun ci Masar a wajen 641, suka yi sallah, suka ci kushari a wata rumfa, suka koma masauki.

Bayan dawowa

Rigimar ba ta tashi ba sai da aka dawo. Wani ɗalibi, da 'yan gidansu suka matsa masa da neman hoto, ya sauko da hoton Ramsis daga intanet ya ɗora a WhatsApp, ya rubuta cewa ya ga Fir'aunan da aka tsamo daga teku. Abokan tafiyarsa biyu suka yi masa gyara a ƙarƙashin hoton. Kafin la'asar magana ta zagaye gari, ta kuma canza kama: wai malamin tarihi ya kai yara Masar ya koya musu ƙaryata Alƙur'ani. Wasu iyaye suka ce za su cire 'ya'yansu. Alhaji ya bugo waya rai a ɓace, ya ce bai kashe dukiyarsa don a dawo masa da yara da shakka ba.

Mai Gari ya tara mu a zaurensa bayan sallar Juma'a. Malam ya maimaita abin da ya faɗa wa yaran, bai rage ba bai ƙara ba. Wani dattijo ya katse shi: "Ranka ya daɗe, a tambaye shi, ayar Suratu Yunus ƙarya ce?" Zauren ya yi tsit. Mai Gari ya juya ga Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan taka ce."

Liman ya aika aka ɗauko masa Jalalaini, tafsirin da ake karanta mana duk azumi. Ya buɗe aya ta 92, inda Allah ke cewa Fir'auna yau za a fitar da shi da jikinsa don ya zama aya ga na bayansa. Ya karanta abin da aka rawaito daga Ibn Abbas a wurin: wasu daga Bani Isra'ila sun yi shakkar mutuwarsa, sai aka fito musu da shi su gan shi. Ya ce ayar ta tabbata tun ranar da aka yi abin, kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rubuta wannan ɓangaren na tafsirin, a Alƙahira ya rayu ya rasu a 1505, kusan shekara 400 kafin a buɗe ramin Dairul Bahri, imaninsa bai jira akwatin gilashi ba. Ya ƙara da cewa wanda ya rataya gaskiyar aya a wuyan wata gawa, ranar da aka tabbatar ba ita ba ce, me zai ce wa yaran? Sannan ya nemi a ba shi littafin ɗaya daga cikin ɗaliban. Ya daɗe yana duba sassan nan uku, ya ce ai wannan shi ne aikin malaman hadisi, a bambance abin da mutum ya gani da abin da aka ba shi labari, a kuma tambayi wanda ya faɗa daga wa ya ji.

Abin da na fahimta

Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan lamari yaran sun gani da idonsu, kuma da ba don shafin nan mai kashi uku ba, da jin da suka tafi da shi ne zai dawo da su, ya ƙara ƙarfi ma, tunda yanzu za su ce mun je mun gani. Fuskar da ke cikin gilashi ita ce ta bidiyo, jagora ya tabbatar musu, gida ana jira. Komai yana tura su wuri guda. Abin da ya tsayar da yaro ɗaya shi ne rashin sanin sashen da zai rubuta magana, kuma daga wannan tsayawar sauran suka amfana.

Ban ga laifin iyayen da suka fusata ba. Mutane ne masu kishin addininsu, kuma ba wanda ya taɓa zama ya bambance musu aya da bidiyo. Giɓin da na gani a shirin shi ne an shirya yara ba a shirya gida ba. Da tun kafin tafiya an zauna da Liman da iyaye an karanta tafsirin ayar, an kuma sanar da su cewa ba a ɗaukar hoto a ɗakin, da yaron nan bai shiga matsin da ya sa shi ɗora abin da ya san ba haka yake ba. Shi ma ban so a tsananta masa ba. Yaro ne da aka aika, ya ji kunyar dawowa hannu rabbana.

Akwai kuma abin da ya dame ni fiye da rigimar. Yaran nan sun san sunan Dairul Bahri yanzu, amma da na tambaye su zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda ba shi da nisa da ƙauyensu, ƙalilan ne suka taɓa jin labarinsa, ba kuma wanda ya taɓa zuwa. Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuɗin mota kawai ke tsakaninsu da shi.

Kwamiti ya yanke abubuwa kamar haka. Malamin tarihi yana nan a bakin aikinsa. Ɗalibin ya sauke hoton, ya kuma karanta abin da ke sashen farko na littafinsa a gaban taron makaranta. Yarinyar da ta ƙi sauka an ba ta dama ta gabatar da hujjarta a darasin fiƙihu, an yi muhawara a kai, ajin bai haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Zango mai zuwa 'yan aji huɗu za su je Birnin Kudu, 'yan aji biyar su je Gidan Makama, kowa da shafinsa mai kashi uku, kuma za a gayyaci iyaye biyu su bi kowace mota. Gida biyu sun mayar da 'ya'yansu wata makaranta duk da bayanin Liman. Alhaji ya karɓi bayanin da aka aika masa a rubuce, ya ce zai duba, amma har zuwa rubuta wannan bai ce komai ba game da ɗaukar nauyin 'yan ajin da ke tafe.